Wanda Ya Tsaya Toshe Ruwa

Da hantsi aka tsinci gawar Sada a hanyar bakin rafi, ƙasa da lambunan Gangaren Marke, yana kife an tsaga mishi ƙeya. Hulunan kamfen da ya ɗauko a leda sun watse, wasu cikin jini, wasu cikin laka. Saura 'yan kwanaki a yi zaɓen gwamna, kuma Sada shi ne mai tara jama'a na duk mazaɓar, don haka kafin a rufa mishi zane labari ya kai Bakori.

'Yan takara sun fi goma a takarda, amma mu nan uku muka sani: Alhaji Mai Tirela da jam'iyyarsa mai alamar rariya, Injiniya mai garma, sai Dakta mai tulu. Sauran kuwa, in ka ga hotonsu a jikin bishiya sai ka ɗauka cigiyarsu ake yi. Sada yaron Injiniya ne. A makon nan Injiniya ya janye wa Alhaji, aka yi ta nuna su a waya suna rungumar juna suna dariya, mutanen da a zaɓen da ya wuce yaransu suka yi ta sarar juna a gaban akwati. Hulunan da Sada ya mutu yana rabawa na Alhaji ne.

A gefen gawar akwai sawun silifas, a tsakiyar kowane sawu ga hoton tulu raɗau. Silifas ɗin da Dakta ya raba ne. Mutanen Dakta a yankinmu kuwa kowa ya san su, Maguzawan Gidan Tsohuwa, tun da ya haƙa musu rijiyar burtsatse. Ranar kasuwa ma an ga ɗaya daga cikinsu, Ɗanladi ɗan Bature, ya yi cacar baki da Sada har ya ture mishi hula. Shi ke nan, garin ya gama bincikensa.

Yusufu Gatari, shugaban ƙauraye, 'yan daban Alhaji, shi ya ja zuga. Suka samu Ɗanladi yana ɗaukar kara a gona, suka sauke mishi gora a kai, suka ɗaure shi a bayan babur suka ja shi har ƙofar maigari. Kafin maigari ya fito an yanke mishi rabin kunne, ido ɗaya ya rufe. Wasu suka tafi neman fetur, wai Gidan Tsohuwa ba zai kwana ba.

Bature ya iso yana tafiyarsa ta kullum, sanda a kafaɗa. Tsoho ne busasshe, mai bin sawu, kuma babu gidan da bai taɓa dawo wa da bijimi ko akuyar da aka sace ba a garin nan. Ya dubi ɗansa da ke ɗaure jikin turken doki, jini yana bin wuyansa. Bai taɓa shi ba. Ya durƙusa gaban maigari.

"Ranka ya daɗe, a ba ni sawun nan in bi."

"Sawun ya nuna kansa, tsoho," in ji Yusufu. "Tulu ne."

Bature ya juyo. "To kowa ya ɗaga ƙafarsa in gani."

Sai maigari ya ce a ɗaga. Wallahi abin kunya, kusan rabin masu riƙe da gora tulu ne a tafin takalminsu, har da ƙanen Yusufu. Haka muke a garin nan, hular wannan, takalmin wancan, atamfar na ukun a jikin matarka, kuma kowa ka rantse mishi ƙuri'arka tasa ce. Silifas ɗin Dakta dai ya fi ƙwari a cikin laka, shi ya sa.

Maigari ya buga waya neman hukuma, aka ce motoci duk suna rakiyar 'yan takara wajen Funtua, a jira. Ya san ba zai iya riƙe yaran nan har a dawo ba. Ya dubi Yusufu, ya dubi Bature.

"Za a yi jana'iza bayan azahar," in ji Yusufu. "In aka sallame la'asar ba ka kawo wani ba, wannan ne ya kashe shi. Shi da ƙauyenku."

* * *

Wurin da gawar ta kwanta jama'a sun tattake shi kamar masussuka. Bature bai ɓata lokaci a nan ba. Ya yi ta zagaye yana faɗaɗawa har ya samu inda sawun tulu ya ware shi kaɗai, ya nufi cikin lambu. Ya tsuguna ya daɗe a kansa. Mai takalmin ba ya gudu, dunduniyarsa tana sauka daidai, takunsa gajere. Ɗanladi dogo ne, in yana tafiya kamar ana binsa bashi. Wannan kuwa ko dai dattijo ne, ko kuma wanda kisa bai dame shi ba.

Mutum ɗaya ya sani a garin wanda kisa bai dame shi ba. Ya bar sawun, ya kifa ƙwarya a kan mafi kyawunsa, ya nufi gidan mamacin.

Sa'adiya matar Sada tana zaune a tsakar gida mata sun kewaye ta. Bature ya tsaya daga bakin zaure ya yi ta'aziyya, ta matso da mayafi a fuska.

"'Yata, wa ya nemi mijinki da rigima kwanan nan?"

"Baba, Yusufu ne," ta faɗa a hankali, tana waige. "Tun da aka haɗe, aka ce Sada ne zai riƙe mazaɓa, Yusufu yana ƙarƙashinsa. Shekaranjiya ya zo nan ƙofar, ya ce shi da ya zubar da jini don Alhaji ba zai karɓi umarni wajen wanda ya shigo jiya ba."

"Yau ina mijinki ya ce za shi?"

"Wajen tsofaffin mutanen Injiniya. Ya ce sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya lallashe su, don wasu ba su ji daɗin haɗewar ba. Ko koko bai tsaya sha ba."

Bature ya fita. Yana so ya zama Yusufu ne, yana so ƙwarai. A zaɓen da ya wuce, da aka sare Jibril ɗan abokinsa Malam Muhammad Sani har lahira a gaban akwatin firamare, shi ya bi sawun jini har ƙofar gidan Yusufu. Aka kama Yusufu, bai yi mako ba ya dawo gari a motar kamfen yana ɗaga wa mutane hannu.

Ya samu Yusufu a gindin ɗorawa shi da yaransa suna zuba fetur a robobi. Bature ya tsaya, ƙafa kawai yake kallo. Yusufu ya lura, ya yi dariya, ya miƙe ya taka a gabansa.

"Duba da kyau, tsoho."

Ƙafar dama a kumbure take, an naɗe ta da tsumma, yana jan ta a ƙasa. Babur ya kayar da shi a taron Malumfashi, duk gari an sani sai Bature da ba ya zuwa taro. Mai wannan ƙafar ba zai bar sawu mai tsabta irin na lambu ba.

"Da ni na yi, da a kasuwa zan yi," in ji Yusufu. "Ka san ni ai. Je ka, rana tana tafiya."

Bature ya wuce ta ƙofar maigari. An bar Ɗanladi cikin rana, ƙudaje sun taru a kunnen. Kulu, uwar yaron, ta zo da ruwa a ƙwarya an hana ta matsowa, tana zaune a ƙasa tana kiran sunansa. Ɗanladi ya buɗe idon da ya rage.

"Baba, ba ni ba ne."

"Na sani," in ji Bature. Ya wuce da sauri don kada a ga fuskarsa.

* * *

Ana kiran azahar ya koma kan ƙwaryarsa. Sawun ya bi ta kan gaɓar da ke tsakanin lambuna, bai taka ko ganye ɗaya ba, inda gaɓa ta yi laushi ya tsallake tun kafin ya kai. Mutumin ya san wurin nan kamar ɗakinsa. A wani kwazazzabo Bature ya hango ƙotar fartanya cikin ciyawa, ya jawo, bakinta duk jini da gashi. Irin fartanyar da ke kowane gida ce, ba ta gaya mishi komai ba.

Lambunan Gangaren Marke injin ban-ruwa ɗaya suke sha, na ƙungiya, kowa da ranarsa. Ruwa yana bin doguwar hanya, mai rabo ya fasa bakin fangalinsa, wato ɗan filin da aka kewaye da gaɓa, in ya cika ya toshe da laka ya fasa na gaba. Ran nan rabon wani ne da ya tayar da inji ya tafi gida karin kumallo, ruwa ya yi yawa ya fasa inda ba a nufa ba.

A nan sawun ya tsaya. Silifas biyu sun zauna gefe da gefe a kan gaɓa, an cire su. Daga nan sai tafin ƙafa tsirara, ya shiga laka, ya tura ƙasa da gefen ƙafa ya danne. Fangalin da ke bayan toshiyar sabon dashen albasa ne, siriri kamar gashi, ruwa ya shiga ya ci kusurwa ɗaya kafin a tare shi.

Bature ya zauna a kan gaɓa. Wane irin mutum ne zai tsaga kan wani, ya jefar da fartanya, sa'an nan ya tsaya ya cire takalmi don ruwa yana shiga albasa? Ya sa yatsa ya tone toshiyar a hankali. A ƙarƙashin lakar akwai karan dawa guda biyu, an gitta su don ƙasa ta kama. Ya zaro ɗaya. Inda hannu ya riƙe akwai jini, laka ta rufe shi bai wanke ba.

Duk masu lambun nan da laka kawai suke toshewa. Mutum ɗaya ne ke sa kara, tun suna samari ake yi mishi tsiya a kai, ana cewa yana yi wa ruwa ƙofa da sakata. Shi kansa Bature ya fi kowa yi mishi wannan tsiyar. Ya mayar da karan ya rufe.

* * *

Malam Muhammad Sani yana kwance a zaurensa kan tabarma. Shi da Bature tare suka yi kiwon awaki, ɗaya ya tafi makarantar allo, ɗaya ya bi ubansa daji, amma ba a taɓa yin suna ko biki a gidan ɗayansu babu ɗayan ba. Malam yana kiransa arnen banza, shi yana kiran Malam mai gemun akuya, su yi dariya su raba goro.

"Malam, ba ka je jana'iza ba."

"Zazzaɓi nake yi, Bature. Tun jiya ban fita ba."

"Ko lambu?"

"Ko lambu."

Bature ya dubi bakin ƙofa. Babu takalmi a wurin. Ya dubi ƙafafun abokinsa, an wanke su tas, amma akwai baƙar lakar rafi a gefen farce.

"An kama Ɗanladi," ya ce. "Sun yanke mishi kunne. In an yi la'asar za su kashe shi, su ƙona mu."

Malam ya juya fuskarsa ga bango. "Na ji. Maigari ba zai bari ba. Za su sake shi."

"Ba za su sake shi ba, Sani."

Shekara da shekaru bai kira shi da sunan nan ba. Ya jira. Da Malam ya tashi zaune a lokacin, da Bature ya nemi wata dabara, ko ya sa a fitar da shi ta bayan gari a kai shi hannun hukuma. Amma bai tashi ba. Bature ya ɗauki sandarsa ya fita, yana jin haushinsa yana kuma jin tausayinsa.

* * *

Ana sallame la'asar ya roƙi maigari a gangara lambu, a zo da duk wanda aka ambata da duk masu rabo a injin. Aka jawo Ɗanladi yana tangaɗi. Yusufu ya zo da addarsa da yaransa, masu lambu suka jeru a kan gaɓa. Malam Muhammad Sani ma an taso shi, ya zo ƙafa tsirara, an ce mishi maganar ruwa ce.

Bature ya nuna musu fartanyar, ya nuna sawun tulu, ya sa Ɗanladi ya taka a gefensa. Ƙafar yaron ta fi sawun tsawo nesa.

"Takalmi ba ya hana mutum matse ƙafa," in ji Yusufu. "Kawo wani ko ka matsa."

"Ranka ya daɗe, a tayar da inji."

Aka tayar. Ruwa ya taho ta hanyarsa yana tura ganye. Bature ya tsaya a bakin fangalin albasa, ya nuna wa maigari tafin ƙafar da ke cikin laka da inda aka ajiye takalma. Ya tone ya ɗaga karan mai jini kowa ya gani. Masu lambu suka fara kallon juna, don sun san wa ke sa kara, amma babu wanda ya ambaci suna. Sai Bature ya sa sanda ya ture sauran toshiyar. Ruwa ya kwarara cikin dashen.

Malam ya dubi Bature. Bature ya dube shi. Malam ya gane sarai abin da ake yi mishi, kuma da ya tsaya cak ya bar albasar ta nutse, da sai an yi ta gardama har magariba. Ruwa ya ci layin farko, ya kwantar da shi, ya kama na biyu. Ɗanladi ya zube a kan gwiwoyinsa yana aman jini, wani yaro ya sa ƙafa ya ture shi.

Malam ya sauka daga gaɓa. Ya tsinci kara biyu ya gitta, ya tura laka da gefen ƙafa ya danne, ya sake dannewa har ruwan ya juya. Da ya ɗaga ƙafarsa, sabon sawun ya zauna kusa da na safe, babu bambanci ko na yatsa.

"A kwance yaron nan," ya ce. "Ni ne."

Ya goge hannunsa a riga, ya yi magana kamar mai ba da labarin damina.

"Na fito duba dashe muka haɗu a hanya. Ya miƙo mini hular rariya. Sada, wanda ya zo har zaurena ya ce in ba shi Jibril ya tsare wa Injiniya akwati. Na ce mishi, Sada, ka manta? Ya ce Baba, ai an wuce wurin, manya sun shirya. Ya ce gobe ma shi da Yusufu za su zo gaishe ni a gida, a ɗauki hoto a tura wa Alhaji, a ga uban Jibril ya yafe. Ya kifa mini hular a kai da hannunsa, yana dariya. Da ya juya, fartanya tana hannuna." Ya dubi Ɗanladi. "Kai kuma ɗana, na zalunce ka. Tsoro ne. Ka yafe mini in za ka iya."

Maigari ya ɗaga hannu yana cewa a tsaya, hukuma tana hanya. Bature ya yi tsalle zai shiga tsakani, wani ya maka mishi gora a haƙarƙari ya faɗa cikin hanyar ruwa. Daga nan yana kwance ya ga Yusufu ya ja kumburarriyar ƙafarsa ya sauka cikin laka. Sada ba abokinsa ba ne, da safe ma a ransa yana murnar mutuwarsa, amma yanzu ɗan jam'iyya ne aka taɓa, ga kuma jama'a suna kallo. Malam bai gudu ba, bai ma ɗaga hannu ba, yana salati. Addar ta sauka a wuyansa, a daidai inda ta sauka wa ɗansa. Yaran suka rufe shi da gorori har bayan ya daina motsi.

Motar hukuma ta iso da magariba, ta tarar lambu babu kowa sai maigari da gawa, da wani tsoho yana kwance igiya daga hannun ɗansa. Aka tambayi maigari wa ya yi, ya ce jama'a ne. Aka tambayi Bature, ya faɗi suna ƙarara. Aka ce an ji.

* * *

Gidan Tsohuwa ya kwana. Ɗanladi ya rayu, da rabin kunne da ido ɗaya. Washegari ayarin motoci ya zo ta'aziyyar Sada, Alhaji da Injiniya a mota ɗaya, Dakta ya biyo baya da nasa buhunan shinkafa. Babu wanda ya karkata ta zauren Malam, inda 'yan mutane suka zauna a tabarma ɗaya suna jiran motoci su wuce su ji muryar juna. Yusufu yana tsaye a bayan akori-kura yana kore wa ayarin hanya.

Ranar zaɓe da sassafe Kulu ta ga Bature yana ɗaukar sanda, haƙarƙarinsa a ɗaure. Ta tambaye shi ko layin ƙuri'a za shi. Ya ce yau rabon Sani ne a inji, kuma babu wanda ya rage a gidan sai mata.

Ya tayar da injin da ƙyar, ya fasa bakin fangalin, ya tsaya yana kallon ruwa yana bin albasar da ta tsira. Daga can firamare ana jiyo ihu da ƙarar babura. Da ya cika ya tura laka ya toshe, ruwa ya kwashe ta. Ya sake turawa, ya sake kwashewa. Sai ya waiga kamar mai tsoron a gan shi, ya tsinci kara biyu ya gitta, ya danne da gefen ƙafa. Ta kama.

"Mai gemun akuya," ya ce, sa'an nan ya zauna a kan gaɓa ya yi kuka.